Kindle ɗina ta tsufa, in sauya ta?

Tambaya: Tun 2019 nake karatu da Kindle Paperwhite, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, kuma lafiyarta ƙalau. Amma duk sanda aka fito da sabuwa sai in ji kamar an bar ni a baya. Yanzu ga mai launi ta shigo. In saya ne ko in haƙura?

Amsa: 'Yar'uwa, in dai rubutu na fitowa raɗau, batirin kuma yana kai ki makonni, riƙe kuɗinki.

Tun da Amazon ya fitar da Kindle ta farko a 2007, sauye-sauyen da mai karatu ya ji a jikinsa ba su wuce ƙirgar yatsun hannu ɗaya ba. A 2012 Paperwhite ta zo da fitila a jikin allon, aka huta da neman haske da daddare. A 2015 rubutunta ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kusan yadda yake a takarda. A 2018 ta daina jin tsoron ruwa. Duk ukun nan suna hannunki.

Aikin nata ne ba ya son ƙawa. Allon cike yake da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe da farare, kuma sai kin juya shafi wuta ke motsa su. Shi ya sa caji ke daɗewa. Mai launin da ta fito a 2024, Colorsoft, wani siririn mayafi mai launi aka shimfiɗa a saman allon. Launin a dushe yake, kaifinsa rabin na baƙin rubutu, farin shafin ma yakan ɗan yi duhu. Ga littattafan zane da na yara tana da amfani. Ga mai karanta labari kuwa, bangon littafi kawai za ki gani da launi, na daƙiƙa biyu.

Ranar sauyawa za ki gane ta: batiri ya koma mutuwa cikin kwana biyu, ko kamfani ya janye hannu, kamar yadda Amazon ya hana tsofaffin Kindle shiga shagonsa a 2022.

Waya fa daban ce, don a cikinta kike hulɗa da banki. Ita kam ki duba ko har yanzu ana turo mata gyaran tsaro. Misali, kamfanin Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai na irin wannan gyara.