Tambaya da Amsa: Yaushe Yaron Shago Zai Zama Mai Shago?

Tambaya: A Sabon Garin Kano ina ganin yaran Igbo suna buɗe shagonsu bayan 'yan shekaru, alhali ƙanena ya daɗe wurin ubangidansa a Kantin Kwari, har yau yaro ne. Zuciyar nema ce ba mu da ita? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Malam, zuciyar nema kam akwai ta. Tun kafin zuwan Turawa zuri'o'in fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke kora jakuna zuwa Gwanja saro goro, kuma cikin Agalawan nan Alhassan Ɗantata ya fito. Inda aka bambanta shi ne wa'adi.

A tsarin Igbo da suke kira igba boi, iyayen yaro kan zauna da ubangida a yanke shekarun da zai yi, galibi biyar zuwa bakwai. Babu albashi, sai ci da makwanci. Ranar sallama a kama masa shago, a zuba kaya, a haɗa shi da diloli masu ba da bashi. Bayan yaƙin basasa a 1970, lokacin da da yawansu fam 20 kawai suka samu daga ajiyarsu ta banki, wannan tsari ya taimaka musu suka farfaɗo. Shi ma yana da aibu: wani ubangidan kan ƙaga wa yaro sata idan wa'adi ya kusa.

Namu a kan amana yake. Ubangida zai yi wa yaro aure, ya kai shi Makka, amma ba a sa ranar yaye shi, yaron kuma nauyin baki ya hana shi tambaya. Babban hatsarin shi ne maigida ya rasu: magada su raba dukiya, yaro ya tashi a tutar babu, domin ba shi da kaso a gado.

Ku tura dattijon da ubangidan yake jin nauyinsa, a sa wa'adi gaban shaidu biyu, a rubuta. Idan ba zai iya ba da jari kyauta ba, a yi ƙirali: kuɗi nasa, aiki na ƙanenka. Ribar a yanke ta da kaso, rabi ko sulusi, kada a ce naira kaza duk wata, domin hakan yana ɓata ƙiralin. Asarar da ba ta sakaci ba ce kan mai kuɗi take. Kuma daga ranar farko ƙanenka ya raba aljihun jari da na cefane.