Sabbin kansiloli da tsofaffin ma'aikata

Ranka ya daɗe, ka ce tun da aka rantsar da ku kansiloli, ma'aikatan sakatariya ke jan ƙafa kan kowane sabon tsari. Haka muka gani a garinmu nan Jigawa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma bai sauya halin ofis ba. Ma'ajin da ya daɗe yana jiran umarni daga Dutse ba zai saba da ku a wata guda ba. Ku fara rubuta ƙa'idojin zamanku, ku koyi karanta kasafi. Kada ku tozarta ma'aikaci gaban jama'a, nan ake ɓata komai. In za ku yi dokar harajin kasuwa kuwa, lauya ya duba kafin ku zartar.