Amsa ga Fasto kan membobin da ba su dawo sujada ba tun Korona

Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ka tambaya ko ya dace majalisar dattawa ta sa membobin da suka daina zuwa sujada tun lokacin Korona a ƙarƙashin horon ikilisiya, ko a cire sunayensu daga rajista. Ni dattijon ikilisiya ne a kudancin Kaduna, kuma mun taɓa zama a kan wannan magana.

Da gwamnatin jiha ta hana taro a watan Maris na 2020, mun rufe majami'a, har Ista na ranar 12 ga Afrilu kowa a ɗakinsa ya yi shi. Wasu sun yi ta jan Ibraniyawa 10:25 suna cewa barin taro zunubi ne, amma ban taɓa ganin laifin rufewar ba, domin a Littafin Firistoci sura ta 13 firist ne da kansa yake keɓe wanda ake zargin yana da cutar fata har kwana bakwai. Laifinmu yana wani wuri dabam. Saƙon farko da muka tura wa membobi ta WhatsApp lambar asusun banki ce domin baiko da zakka, tun kafin mu tambayi ko wani ya kwana da yunwa, alhali yawancinsu sai sun fita kasuwa ko sun yi acaɓa suke samun na tuwo. Da hannuna na rubuta saƙon, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Bayan an buɗe, muka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, muka raba sujada gida biyu, amma wasu bencina suka ci gaba da zama babu kowa. Wani dattijo ya kawo shawarar horo, sai shugabar zumuntar mata ta roƙi a fara bin gidaje. Ni aka haɗa da ita muka je wurin wata gwauruwa wadda mijinta ya rasu cikin kullen. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, sa'an nan ta ce, “Baba, ranar da aka binne maigidana na san doka ta hana taro, amma doka ba ta hana kira a waya ba.” Babu wanda ya iya amsa mata. Wannan baiwar Allah ce muka kusa yi wa horo.

Ba kowa ne aka ɓata wa rai ba. Akwai waɗanda sauraron wa'azi a waya ya zame musu jiki, kuma waɗannan ana iya tuna musu cewa ba a cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, ta waya. Akwai kuma waɗanda suka bar mu a 2021 saboda mun ƙi yarda a faɗa daga bagade cewa allurar rigakafi ce alamar dabbar nan ta Wahayin Yahaya. Su kuwa, a zauna da su suke buƙata, da koyarwa cikin haƙuri.

Shawarata ita ce, kada a karanta sunan kowa a gaban jama'a sai dattawa biyu sun zauna a tsakar gidansa sun ji ta bakinsa, kuma kada maganar zakkar da ta taru a kansa ta shiga wannan ziyara ko kaɗan. Gwauruwar nan sai da muka koma sau uku kafin ta dawo, kuma a bencin baya ta zauna.