Amsa ga 'yar'uwar da harajin kansil ya taru mata a Ingila

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina biyan tsoffin basussukanki wata-wata ta hannun StepChange, ƙungiyar agaji mai taimaka wa masu bashi, sai ga harajin kansil (wanda ƙaramar hukuma ke karɓa kan gidaje) na wata biyu ya taru, har wasiƙar tunatarwa ta iso, kina tambayar wanne za ki fara biya. Na taka wannan ƙayar, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Kansil za ki fara biya. Ni kuskuren da na yi, na fi jin tsoron masu katin bashi saboda su ke damuna da waya, na ƙyale kansil tunda ba sa hayaniya. Ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne. Wasiƙar nan kwana 7 take ba ki. In suka wuce, kansil za su iya janye biyan wata-wata su nemi sauran kuɗin shekarar a dunƙule. Daga nan sai sammacin kotun majistare, a ɗora miki kuɗin kotu, sannan ko su yanka daga albashinki ko su turo belif, wato ma'aikacin da ke zuwa gida karɓar bashi. A lokacina wasiƙar belif kaɗai fam 75 ta ƙara mini, ranar da ya buga ƙofa kuma fam 235. Ina tsaye a kicin, yara suna leƙe ta taga. Allah kada ya maimaita.

Gobe ki kira StepChange ki faɗa musu gaskiya. Su da kansu sun san haraji da haya da wuta su ne gaba, za su sake miki lissafi su rage abin da ake tura wa masu kati. Ni kunya ta hana ni kira har wata uku, ga shi ko faɗa ba su yi mini ba. In kuwa IVA kike ciki, wato yarjejeniyar biyan bashi ta doka tsakaninki da masu bin ki, wanda ke kula da yarjejeniyar shi za ki sanar.

Sai ki kira kansil kafin kwana bakwan su cika. Ki roƙi a raba miki biyan zuwa wata 12 maimakon 10. In ke kaɗai ce babba a gidan, akwai ragin kashi 25 cikin ɗari, kuma akwai wani ragin na masu ƙaramin ƙarfi. Ki tambayi StepChange batun Breathing Space ma, kwana 60 ne da ake dakatar da matsin masu bin bashi.

Duk abin da kuka yarda a waya, ki ce su aiko miki a rubuce, ki ajiye sunan wanda kuka yi magana da shi da kwanan wata.