Tambaya da Amsa: Yaya ruwan inabi yake shekara 20 a kwalba bai lalace ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Na ji a rediyo wai a Faransa akwai farar giyar inabi da ake ajiyewa shekara 20 ko fiye, kuma tsufan nan shi ke ƙara mata daraja da tsada. Mu nan zoɓon da Inna take haɗawa, kwana biyu ya yi tsami sai zubarwa. Ba sha nake so in yi ba, Allah ya kiyaye, abin ne ya ɗaure mini kai. Tunda kun yi karatun noma a can, me masu ɗanɗanawar suke ji a cikinta? Ɗanku, daga unguwar Bagalam, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Hukuncin giya ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma ni ban taɓa kai ta bakina ba. Amma tambayarka ta ilimi ce, kuma na ga abin da idona. Lokacin da nake ɗalibi a birnin Dijon, na yi kaka biyu ina yankan inabi a gonakin yankin, wato Burgonyi, don in samu na haya. Daga baya da na ji hadisin la'anar giya da ya haɗa da mai matsewa da mai ɗauka, sai na daina, ina roƙon Allah gafara. Abin da na koya game da ƙasa da tsiro a watannin nan kuwa, har yau ina amfani da shi a fadamar Gulbi.

Abin da ka ji gaskiya ne. A 2011 an sayar da kwalba ɗaya ta giyar gonar Château d'Yquem, wadda aka yi a 1811, a kan fam 75,000 a Landan, sama da miliyan 50 na sefa ke nan. Ita wannan mai zaƙi ce, daga yankin Sauternes. Wadda na sani ta Burgonyi ce, marar zaƙi, daga irin inabin da ake kira Chardonnay.

Mu fara da zoɓon Inna. Akwai sukari a ciki, yana buɗe iska na shiga, ga zafin Maradi. Ƙwayoyin da ido ba ya gani sun samu abinci da wurin kwana. Shi kuwa ruwan inabin Burgonyi, yis ya riga ya cinye sukarinsa kakaf ya mayar da shi barasa, wajen kashi 13 cikin ɗari, don haka babu sauran abin da ƙwaya za ta ci cikin sauƙi. Masu yin giyar suna ƙara ƴar farar wuta kaɗan don ta kare shi daga iska, su toshe kwalbar da ɓawon itace, su kwantar da ita a gefenta don toshiyar kada ta bushe, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu inda sanyi ke zaune wajen digiri 12 rani da damina. In aka bar shi a buɗe, shi ma ruwan khal zai koma. Masanin kimiyya Louis Pasteur ya bayyana dalilin haka a littafinsa kan ruwan inabi tun 1866.

Amma ginshiƙin abin shi ne tsamin da inabin yake da shi tun daga gona, ba irin na lalacewa ba. Ruwan da ba shi da tsami tun yana ɗanye ba ya tsufa, mutuwa yake yi. Shi ya sa ranar yanka take tayar musu da hankali. Na tuna maigidan gonar, wani dattijo mai kaushin hannu irin na manomanmu, kullum da asuba yana bin kunya-kunya yana tsinkar ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can, ya tauna har da ɗiyan ciki. Ya ba ni na tauna: zaƙi ne ya fara zuwa, sai wani tsami ya biyo baya ya tsinka mini yawu kamar na tsotsi tsamiya. In ya yi jinkirin mako guda, zaƙi ya ƙaru, tsamin nan ya tafi, shekara goma ta ajiya ta tafi tare da shi.

Ranar da muka gama yanka ya sauka da mu ɗakin ajiya. Gangunan katako ne jere, kowace tana cin lita 228. Ya ɗauko kwalba biyu na gona ɗaya a ƙauyen Meursault, ɗaya ƴar shekara biyu, ɗaya ta haura 15. Ya zuba kaɗan, bai kai sulusin kofi ba, ya riƙe kofin ta ƙafarsa don ɗumin hannu kada ya taɓa ruwan, ya karkata shi a kan farar takarda. Sabuwar fara ce mai ɗan ratsin kore. Tsohuwar ta koma ruwan zinariya, kamar man shanu da aka soya. Ya juya kofin a hankali, ya tura hanci ciki ya yi shiru, sannan ya kurɓa, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya wurwura ta a baki, ya tofar a bokiti. Masu wannan sana'a tofarwa suke yi, domin wanda zai gwada ganga 30 a yini ba zai haɗiye ba. Bayan ya tofar sai na ga yana ƙirga da yatsu. Daƙiƙoƙin da ɗanɗanon ya yi a baki kafin ya ɓace yake ƙirgawa. Wanda ya wuce goma, a wurinsu babba ne.

Ya san ba na sha, sai ya miƙo mini in shinshina. Sabuwar ƙanshin lemun tsami da ɗanyen tuffa take yi, kaifi ɗaya. Tsohuwar kuwa, wallahi sai da na ɗago na dube shi. Zuma na fara ji, sai soyayyar gyaɗa mai zafi, sai man shanu can ƙasa, kuma duk lokacin da na mayar da hanci sai in ji wani abu ya sauya. Babu zuma ko gyaɗa da aka zuba. Na man shanun yana da dalili: bayan yis ya gama aikinsa, wasu ƙwayoyi suna mayar da tsamin irin na tuffa ya koma irin na nono, danginsu ɗaya da masu kwantar mana da kindirmo. Sauran kuwa aikin iska kaɗan da ke cikin kwalba ne da shekaru. Tambayi Inna bambancin humrar da aka haɗa jiya da wadda ta shekara a rufe cikin adaka, za ta gane maganar nan kafin in rufe baki.

Tsadar kuma daga ƙasa take. Mutanen Burgonyi sun yanka tudunsu gona-gona, kowace da sunanta, da yawa tun zamanin sufayen coci, har 1,247 waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Gonar Montrachet, wadda ta fi kowace suna a farar giya, duka-duka hekta 8 ce, duniya kuma tana rububinta. A Chablis, can arewacin Burgonyi, in ka tona ƙasar alli za ka tarar da ƙananan bawon kawa na tsohon teku. Irin inabi ɗaya ne, amma hanya ƴar siririya tsakanin gona biyu tana iya ninka farashi. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Dillalin albasa a kasuwar Maradi yana raba ta Galmi da wadda ba ita ba tun kafin a kwance buhu. Abin da suka fi mu shi ne tun 1935 suka kafa hukumar da ke kare sunan wuri da doka, ba wanda ya isa ya liƙa sunan gonar da ba tasa ba. 

Kada ka ɗauka kowace kwalba tana kai labari. Mafi yawan farar giyar Faransa an yi ta ne don a sha cikin shekara biyu zuwa uku. Har manyan ma, waɗanda aka yi daga wajen 1995 da yawa sun yi duhu sun lalace kafin lokacinsu, aka yi ta ɗora laifin a kan toshiya da ƙarancin farar wuta. A nan kuwa, da za a ajiye ta Meursault ɗin nan a ɗakin kwano cikin watan Afrilu, zafi sama da digiri 40, ruwan zai kumbura ya turo toshiyar, ƙanshin ya dahu. Zoɓon Inna dai a rage masa sukari, a zuba a kwalbar da aka wanke da tafasasshen ruwa, a rufe tam a sa a firji, zai ƙara kwanaki.