Amsa ga Hajiyar da fulayarta ta fito a dishe daga wajen bugu

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kin ce kin haɗa fulayar tallan turaren wuta da humra a Canva, a waya ta yi kyau sosai, amma da aka bugo sai shuɗin ya dishe kuma wuƙa ta cinye rabin lambar waya, shine kike tambaya ko ki koma CorelDRAW. Toh ni na daɗe ina wannan aikin a Kano, gaskiya ba manhajar bace ta cuce ki, ko a Corel kika yi haka zai fito indai baki fara zuwa wajen mai bugu ba. Kafin ki zana komai ki tambaye shi girman da zai yanka, wace takarda, kuma wane irin fayil yake so. Daga amsarsa ake fara aiki.

Maganar kala, allon waya da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shine RGB. Injin bugu kuma tawada huɗu gare shi, CMYK, kuma akwai kalolin da tawada bata iya kaiwa ko mai injin ya kai wa ƙwarewa, musamman shuɗi mai ƙyallin nan da kore shar da muke so. A Corel tun wajen buɗe sabon shafi ake zaɓar CMYK sai ki ga kalar kusan yadda zata fito. A Canva ki sauke a PDF Print, zaɓin CMYK ɗin sai masu biyan kuɗi, in baki da shi ki roƙi mai bugun ya juya miki a gabanki. Kuma dan Allah ki sa a fitar miki da ƙwaya ɗaya ki riƙe a hannu ki fita da ita rana ki duba kafin a buga dubu, kuɗin gwajin nan bai kai ciwon zuciyar da kika sha ba. Ƙananan rubutu baƙi kuma ki sa K, wato baƙar tawada, a 100 kawai, sauran ukun sifili, in aka haɗa shi da kala huɗu takarda ta ɗan goce sai ki ga rubutun da inuwa.

Yankan da ya ci lambarki, masu yanka ba ɗaya-ɗaya suke yi ba, tuli guda ake dannewa wuƙa ta sauka, dole wasu su goce kaɗan. Misali girman takarda na A5 milimita 148 da 210 ne, to ki bar kalar bayan ta zarce da milimita 3 ta kowane gefe ya zama 154 da 216, rubutu da lamba kuma ki jawo su ciki kamar milimita 5 daga baki.

Hoto kuwa nan ne nake shan fama da kwastomomi, a turo hoton kwalba wanda ya zaga guruf uku na WhatsApp duk ya matse, ace a sa shi ya cika shafi. WhatsApp yana rage hoto, ki tura shi a matsayin dokumen. Abin da za a riƙe a hannu yana son 300 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) a girman da za a buga shi, babban allon talla na fileks da ake hange daga nesa 100 ma ta wadatar.

Sai abinda ya shafe mu masu rubuta Hausa, yawancin font masu ado basu da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki rubuta ƙamshi ki ga akwati a wajen harafin farko, ko harafin ya fito da wani salo daban shi kaɗai a tsakiyar kalma. Ni nakan gwada da kalma ɗaya kafin in zaɓa. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da su kuma kyauta ne. In a Corel ne, kafin ki kai ki zaɓi rubutun duka ki danna Ctrl+Q ya zama zane, ko kwamfutar mai bugu bata da font ɗin ba abinda zai canza, amma ki ajiye kwafi ɗaya da baki juya ba saboda gyara. Ki tambayi wane Corel gare shi ma, tsoho baya buɗe fayil ɗin sabo sai an ajiye shi a tsarin tsohon.

Na duba hoton da kika ɗora, Hajiya rubutun ya yi yawa wallahi, na ƙirga font biyar. Wanda aka miƙa wa takarda yana cikin adaidaita sahu kallo ɗaya zai mata. Sunan kaya babba, hoto ɗaya mai kyau, unguwa, lambar waya da kauri, font biyu sun isa. Lambar ki ba wani ya karanta daga takardar gwajin ya kira ki ji wayarki ta yi ƙara, ido yana saba wa abinda ya rubuta. Farashi kuma ni bana ba da shawarar a buga shi yanzu yadda kaya ke tashi, ki bar shi a status inda zaki iya canzawa duk sati.