Libarba mai baki a ƙasa, da abin da wata 'yar Rasha ta jawo mini

Kai yaro, ka tura mini waya a fuska kana tambaya wai me ya sa ba a ƙera kowace libarba kamar wannan Rhino ɗin, mai harbi daga ramin ƙasa na ganga, wato abin nan mai juyawa da ake ɗura wa harsashi, maimakon na sama. Yaran yanzu ke nan. Riƙon magagari bai zauna maka ba, amma ka haddace sunan bindigar Italiya.

Dabarar ba ƙarya ba ce. In bututu ya sauko daidai da hannu, bugun yana wucewa kai tsaye cikin dantse, bakin ba ya ɗagawa sosai, harbi na biyu ya biyo da wuri. Amma gudumar da kake gani a bayanta ba ita ke bugun harsashi ba, ta gaskiyar tana ɓoye a ciki, kuma tsakaninsu ƙananan ƙarafa ne birjik. Ɗaya ya karye a nan Garwa, wa zai kawo maka? Ga wutar da ke fita tsakanin ganga da bututu ta sauko kusa da yatsu. Wanda ya saba miƙa babban yatsa gaba, zai sha ƙuna.

Wannan wutar ce wani ɗan Beljiyam, Léon Nagant, ya so ya toshe, sojan Rasha suka karɓi libarbarsa a 1895. Harsashi 7 take ci. In ka ja kunama, gangar takan juya, sannan ta matsa gaba ta haɗe da bututu. Harsashinta ma na daban ne, dalmar a nutse take cikin kwanso, bakin kwanson shi ke shiga ya rufe tsagar, ƙarfin albarushi bai tafi a banza ba. Wayo ne, ban musa ba. Sai dai duk turawar nan yatsanka ke yinta, shi ya sa kunamarta take da tauri kamar ƙyauren da damina ta kumbura. Ɗuri kuwa ɗaya bayan ɗaya, cire kwanso ma sai da tsinke.

Ita ce ta ci mini kasuwa. Akwai wani Bature mai kawo masu farauta wajen dajin Faro, duk rani bindigoginsa nan suke zuwa wanki da gyara. Wata rana yaronsa ya shigo da Nagant naɗe a tsumma, da takardar izini da sunan ubangidansa, ya ce kunama ta yi tauri, a sassauta. Na kwance ta, na wanke, na sa mai, na ce masa taurin nan da shi aka haife ta, ba zan sa magagari a kan sifirinta ba. Ya ce to, ya biya rabi ya tafi. Ba a jima ba sai ga shi da hargowa tun daga bakin titi, wai na lalata kayan mutane. Na karɓa na duba: kwanso ya tsage ya maƙale a ganga. Na fitar da shi da ƙyar, na ɗaga a rana. Gajere ne, ba nata ba ne ko kusa. Harsashin wata bindiga ya cusa mata don nata ya ƙare, ko ya sayar, Allah masani, yana neman wanda zai ɗora wa kafin ubangidansa ya dawo daga daji.

Magana ta kai gaban mai unguwa. Na ajiye kwanson a kan tabarma, ina ta bayani, dattawa suna ta gyaɗa kai. A wajensu harsashi harsashi ne. Shi kuwa ga rantsuwa, ga hawaye. Aka ce a yi sulhu, ka san ma'anar sulhu in kai ne mai shago. Ragon da nake kiwo don layya na kai kasuwa na biya. Ragon bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba: Baturen bai ƙara aiko mini ko da sukurudireba ba, abokansa ma suka ɗauke ƙafa, don an gaya musu maƙerin nan yana ɓata kaya. Yaron Baturen nan kuwa yau Alhaji ake ce masa, yana miƙo mini hannu ranar Juma'a, ina karɓa don masallaci ne.

Sauran libarba masu irin wannan wayo ma haka suke. Ingilishi sun yi Webley-Fosbery a 1901, bugun harbi ke tura rabin samanta baya, gangar ta juya da kanta ta bin wasu tsagogi masu karkace. Masu gasar harbi sun so ta. Amma laka ko yashi ya shiga hanyar, ta tsaya, to ina ga ƙurar hunturunmu? LeMat ta Amurka harsashi 9 ce, da wani ƙaton bututu a tsakiya mai watsa ƙwayoyi. Nauyi kawai.

Wadda nake girmamawa ita ce ta Faransa ta 1892, aikin Saint-Étienne. Gangarta ta hannun dama take faɗowa, saɓanin sauran, wannan bai burge ni ba. Amma farantin gefenta a maƙale yake, ka buɗe shi ka ga kayan cikinta duka a fili. Wanda ya zana ta ya tuna akwai mai gyara.

Yadda ake tabbatar babu harsashi a ciki kafin a taɓa, in sai na koya maka wannan, koma sayar da goro. Abin da za ka riƙe shi ne, duk wanda ya kawo baƙuwar bindiga, takarda tukuna, sannan ya nuna maka harsashin da yake sa mata, ka rubuta a littafi gaban maƙwabci. Bai yarda ba, ya ɗauki kayansa.